Ranar da na shayar da wayar kuloci baƙin mai

'Yan uwa ɗalibai, wanda kuke gani yana sauke ni a bakin get kullum da safe a kan jar Boxer, yayana ne. Acaɓa yake yi, kuma mashin ɗin ba nasa ba ne, duk yamma sai ya kai wa mai shi balas. Abin da ya rage shi ne cefanen gidanmu, shi ne kuɗin littattafaina. Ni kuwa aikina wanke mashin ranar Asabar.

A hunturun bara na ji Yaya yana ƙorafin hannun kuloci ya yi tauri, kafin azahar yatsunsa na hagu sun fara ciwo. Na ce bari in yi abin kai. Na samo baƙin man da aka juye daga inji, na ɗura a bakin wayar, na bi da giris. Kwana biyu ta yi laushi, har na fara jin kaina bakanike. Kafin sati biyu ta fi da tauri. Wata Talata muna tsakiyar cunkoso ya matsa hannun, sai muka ji ɗas! Na ƙarasa makaranta a ƙafa na sha bulalar makara, shi kuma ya tura mashin zuwa gareji, ya rasa fasinjojin safe kaf.

Da yamma na bi shi garejin, na faɗi gaskiya. Dattijon bakaniken ya zaro tsohuwar wayar daga rigarta, ya goga a tsumma ya nuna mini baƙin kwaɓi mai tsakuwa-tsakuwa.

"Yaro, baƙin mai ai da dattinsa yake zuwa," in ji shi. "Ka haɗa shi da giris da ƙurar hunturu, ka yi wa waya dutsen wasa ke nan."

Ya nuna mini inda ta tsinke, dab da ɗan kan da ke shiga hannun kuloci. Ashe nan ne ke son giris, domin kan ya riƙa juyawa. In ya bushe, wayar ce ke lanƙwasuwa duk matsawa, silin ƙarfen na katsewa ɗaya-ɗaya. Ni kuwa ko kallon wurin ban yi ba.

Ga yadda ya koya mini. A sassauta ajasta, a cire wayar daga hannu, a duba silin. In ko ɗaya ya tashi, mai ba zai cece ta ba, sai sabuwa. In lafiya take, a yanke kusurwar leda, a zura bakin rigar, a ɗaure da roba ya zama mazurari. A zuba mai mara kauri, mai tsabta, kamar na keken ɗinki, a ɗaga sama ana jan wayar ana saki har man ya ɓullo ta ƙasa. A goge, a mayar, a bar wa hannun ɗan wasa kamar milimita 2 zuwa 3. Amma akwai wayar da ake yi wa shimfiɗar roba mai santsi a cikin rigar, ita wannan ba a ɗura mata man inji, yana iya kumbura robar ta riƙe.

Yaya bai yi mini faɗa ba, wanda hakan ya fi bulalar ciwo. Da kuɗin cefane ya cika balas a daren. Asabar da ta wuce ina wanki na ga sili ɗaya ya tashi, na kira shi ya gani. Ya sa sabuwa kafin ya fita.