Abin da yaranmu ke ji idan muka ce "ikon Allah"

A ƙasarmu babu kalmar da ke saurin fita daga bakin babba kamar "ikon Allah". Idan damana ta yi gardama, ikon Allah. Idan sojoji suka karɓe mulki, ikon Allah. Idan yaro ya ƙi jin magana, nan ma ikon Allah. Musulmi na faɗinta, mu Kirista ma muna faɗinta. Ni malamin lakwal ne, ran Lahadi kuma ina koyar da yara a majami'a, shi ya sa na daɗe ina lura da abin da yaro ke ɗauka daga wannan kalma. Sau da yawa abin da yake ji shi ne: naɗe hannunka, babu abin yi. Littafi Mai Tsarki kuwa ba haka ya koya mini ba.

Mu fara da ruwan sama. Na ba da gaskiya cewa Allah ne ke aiko shi, kuma Yesu ya koyar cewa yana zubo shi wa mai kirki da mugu duka. Amma a littafin Farawa, da Allah ya bayyana wa Fir'auna cewa yunwar shekara bakwai na tafe, abin da Yusufu ya yi shi ne tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a rumbuna. Mu ma mun ga irin wannan a jihar Maraɗi. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostareliya, ya gaji da dashen itatuwan da ke mutuwa, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Manoma suka fara barin ƴan rassa, suna aske sauran. Yau ana maganar kadada wajen miliyan 5 da gawo da kalgo da sabara suka sake rufewa. Allah ne ya raya saiwar, amma bai riƙe wa kowa gatari ba.

Sai masu mulki. Daga 1974, lokacin da Kunce ya kifar da Diori Hamani, zuwa 26 ga Yuli 2023, sau biyar mulki ya sauya hannu da bindiga a Nijar. Duk lokacin da aka yi, yara kan shigo aji da tsoron da suka kwaso daga hirar manya. Nakan ba ƴan majami'a labarin Daniyel, wanda ya yi aiki a fadar Babila, ya ga Nebukadnezzar ya wuce, ya ga Belshazzar ya faɗi a dare ɗaya, ya ga Dariyus ya hau. Ya yi wa kowannensu aiki da amana, amma da aka kafa doka cewa sarki kaɗai za a roƙa, ya ƙi. Wanda ya san akwai Sarki bisa sarakuna yana iya yi wa shugaba addu'a kamar yadda Bulus ya umurci Timoti, yana iya gaya masa gaskiya, kuma ba ya bauta masa. Ina son ɗalibina ya tashi da wannan, ya san cewa kujerar kowa aro ce.

Na uku shi ne ya fi mini wuya, wato zuciyar mutum. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, an kuma yi asarar rayuka. Yaranmu sun tambaye mu inda Allah yake. Ban ce musu Allah ne ya kunna wutar ba, domin wanda ya kunna ashana shi zai amsa laifinsa. Na tuna musu yadda Yusufu ya gaya wa ƴan'uwansa cewa su mugunta suka ƙulla, Allah kuwa ya juya ta zuwa ceton mutane. Na kuma gaya musu abin da na sani: akwai maƙwabta Musulmi da suka buɗe ƙofa suka ɓoye Kirista, akwai kuma fastocin da suka tsaya cikin toka suka ce sun yafe. Wa ya sa wannan a zukatansu? Shi wanda ya mai da Shawulu mai tsananta wa masu bi ya zama Bulus. Tun da zuciya a hannunsa take, ba ni da izinin yanke ƙauna a kan kowa, ko maƙiyi ne, ko yaron da ya fi kowa taurin kai a ajina.

Ga roƙona ga iyaye da ƴan'uwana malamai. Idan muka ce "ikon Allah" a gaban yaro, mu ƙarasa maganar. Ruwa na hannun Allah, don haka mu gyara gona, mu tanadi hatsi. Mulki na hannun Allah, don haka kada mu ji tsoron faɗin gaskiya. Zuciya na hannun Allah, don haka mu ci gaba da tarbiyya da addu'a ko ba mu ga canji bana ba. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma yaron da ya ji kalmar a haka zai yi barci cikin natsuwa, da safe ya ɗauki hauyarsa.