Da 'Ya'yansa Ake Sanin Bijimi

Na taso cikin makiyayan da ke zaɓen bijimi da ido, su dubi tozo da ƙaho da sheƙin gashi. Sai dai ido yakan yaudari mai shi, domin ƙibar da dusa ta kawo ba a gadonta. Masana irin na cibiyar binciken dabbobi ta Shika kuwa sikeli suke bi: su auna maraƙi ran haihuwa da ran yaye, sannan su yanke wa uban hukunci.

Haka batun haɗa iri yake. Bokolo na da nama, Muturu na jure sammore. Wanda ya ba Bunaji bijimin Turai babu lissafi, yana iya samun maraƙi mai saurin girma wanda kaska da zafin bazara za su kayar. A ganina, garken da babu littafin awo, sa'a kawai ke kiwonsa.