Tallan Manhaja da Amanar Dillali

 Mu 'yan kasuwar ƙasar Guri da sauran garuruwan bakin kogin Haɗeja mun gaji hanyar gwada haja tun daga iyaye da kakanni. In kifi banda ne, sai mu karya shi mu shinshina. In shinkafa ce, sai mu cusa hannu tsakiyar buhu mu ɗebo. In kuwa sa ne, sai mu duba haƙoransa, mu kora shi mu ga tafiyarsa. To, ga shi zamani ya kawo mana wata haja wadda ba ta taɓuwa, ba ta shinshinuwa, watau manhajar da ake sa wa a wayar hannu. Mai karɓarta ba shi da abin dubawa sai fuskar wanda ya kawo masa ita da kuma maganar bakinsa. Saboda haka nauyin da ke kan mai tallanta ya fi na mai tallan shinkafa.

Yadda abin ya shigo mana ba ɓoyayye ba ne. A watan Oktoba na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya fito da eNaira. A ƙarshen 2022 aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, sai ga ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, har mai kwalin kifi ya rasa mai saye, mai saye kuma ya rasa abin biya. A wannan matsi ne mutane da yawa suka koyi tura kuɗi ta waya, sunaye irin su OPay da Moniepoint suka zauna a bakin kowa. Lalle an ga amfani, domin falken da zai nufi Haɗeja ko Nguru ko Kano ya huta da ɗaure kuɗi a ƙugu. Don haka kada wani ya zaci muna ƙyamar abin.

Abin lura shi ne yadda ake tallan. Sau da yawa kamfani yakan ba mutum wata lamba tasa, duk wanda ya yi rajista da lambar nan sai a ba mai ita wani ɗan kaso. Wannan a harshen kasuwa dillanci ne, abin da ake ba shi kuwa la'ada ce, kuma malamai ba su hana dillali cin la'adarsa ba. Amma dillalin kara kowa ya san shi dillali ne, ana sauraron yabonsa ana ragewa. Ɓarna tana shigowa ne sa'ad da mutum ya zo maka da rigar mai ba da shawara, ya ce don Allah yake faɗa maka, alhali kuwa rajistarka kuɗi ce a aljihunsa, bai kuma bayyana maka ba.

Shari'a ba ta bar wannan fage babu fitila ba. Sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tuhumi mai shi da ɓoye aibi, ya kuma barranta daga mai algus. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantarwa a zaurukanmu, ta hana algus da yaudara da ɓoye aibin haja a babin ciniki. Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma ta kawo hani a kan najashi, watau mutum ya taya haja da tsada ba da nufin saye ba, sai don wani ya ji ya ruɗu. To, wanda ya haɗa baki da abokansa su riƙa yabon manhajar da ba su taɓa aiki da ita ba, ko ya riƙa nuna hoton shigar kuɗi na ƙarya a waya don ya kwaɗaitar da mutane, me ya raba shi da mai tayin ƙarya a kara?

Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗani sakamakon irin wannan talla. Shirin MMM, wanda wani mutumin Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙago, ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, sai ga shi a watan Disamba na 2016 an rufe asusun jama'a. A watan Afrilu na 2025 kuma CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ta rushe, hukumar kula da hannayen jari ta SEC ta ce ba ta yi mata rajista ba, EFCC kuma ta shiga bincike. Dabarar ɗaya ce: kuɗin na baya ake biyan na gaba da shi, ranar da sababbin shiga suka ragu sai rumbu ya bayyana wayam. Abin baƙin ciki, da yawa daga cikin waɗanda suka faɗa ta hannun ɗan'uwa ko maƙwabci ko abokin aiki suka shiga. Kuɗi ya tafi, zumunci ya bi shi. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri da tara mai nauyi ga masu tallata irin wannan shiri.

Kwanan baya wani yaro daga cikin 'ya'yanmu da suka yi karatun kwamfuta ya zo mana da wata manhaja ta rubuta bashi da lissafin ciniki, yana neman dattawan kasuwa su yabe ta a gaban jama'a. Muka yi murna da ƙoƙarinsa, kana muka gindaya masa sharuɗɗa. Na farko, sai mun yi aiki da ita da hannunmu, domin shaida ba ta halatta a kan abin da mutum bai gani ba. Na biyu, duk wanda zai ci la'ada ya faɗa tun kafin ya buɗe baki da yabo. Na uku, ya bayyana aibinta. Yaron bai ɓoye ba, ya ce ba ta aiki sai da intanet, mu kuwa mun san yadda layi yake yankewa a ƙauyukan fadama. Waɗansu suka karɓa, waɗansu suka ce littafinsu ya ishe su. Masu karɓa ba su yi yawa ba, amma ba wanda ya komo yana zaginsa, kuma har yau in ya yi magana ana saurare.

Ku kuma 'yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati, jama'a suna ɗaukar ku masu ido a kan takarda, don haka kalmarku ɗaya tana jawo mutum goma. Kafin ku ce wa wani ya sa kuɗinsa, ku bincika: manhajar ajiya ce, tana da lasisin Babban Banki da inshorar NDIC? Ta zuba jari ce, SEC ta san da ita? Ta ba da rance ce, nawa take ɗorawa na ruwa, kuma me take yi da sunayen da ke cikin wayar mai karɓa? Ku tuna a 2022 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta far wa waɗansu masu irin wannan rance saboda tozarta mabarta a gun danginsu. Haka nan muna roƙon limamai da masu unguwanni kada su ara wa mai talla bakinsu a kan abin da ba su sani ba.

Ga mai son tallata sabuwar manhaja kuwa, hanya a buɗe take. Ya zo da sunansa, ya faɗi wanda ya aiko shi da abin da za a biya shi, ya nuna amfani ya nuna aibi, ya bar mutane su gwada da kaɗan. Cinikin da aka yi a kan bayani shi ake sa wa albarka. Allah Ya tsare dukiyarmu da mutuncinmu, Ya ciyar da mu halal, amin.