A bakin Gulbin Ka: ko ruwa mai tafiyar hawainiya zai kunna fitila?

Daga Sakkwato muka kama hanyar kudu da sassafe, muka wuce Boɗinga da Shagari da Tambuwal, muka ci gaba da nausawa har Fakku, a ƙaramar hukumar Kebbe. Kaka ce, an gama yankan gero, manoma sun koma fadama. Kafin in hango Gulbin Ka, abin da ya fara isa kunnena shi ne ƙarar injinan ban ruwa, kowanne na shan fetur yana tura ruwa cikin fangali.

A bakin gulbin na tarar da wani dattijo yana toshe ɓarakar kwalekwalensa. Bayan mun gaisa ya tambayi abin da ya kawo ni.

"Baba, ruwan nan na zo kallo. So nake in san ko zai iya ba da wutar lantarki."

Ya yi dariya. "Ɗana, ruwan ga ba shi gaugawa. Amma tun ina yaro ban ga ranar da ya tsaya ya huta ba, sai in rani ya yi tsanani."

Gaskiya ya faɗa. Gulbin Ka ya taso ne daga ƙasar Zamfara, ya yi yamma har ya haɗu da Gulbin Sakkwato a jihar Kebbi, daga nan ruwan ya faɗa Kogin Kwara. A kan Kwara ne aka gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, mai ƙarfin megawat 760. Can ana tare ruwa ne ya taru, sannan a sake shi daga sama ya juya manyan farfeloli. A nan kuwa babu madatsa, babu gangare mai tsanani. Ga ruwa na wucewa kyauta, ga manomi a gefensa yana sayen fetur wanda tsadarsa ta ninka tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Wannan ne ya sa tambayar ta wuce wasa.

Na yi gwajin da kowane ɗalibi zai iya yi. Na auna mita 10 a gefen gulbi, na kafa tsinke a farko da ƙarshe, na jefa guntun kara cikin ruwa, na duba agogon wayata. Sai da ya ɗauki kusan daƙiƙa 20 kafin ya kai tsinke na biyu. Ke nan ruwan na tafiyar rabin mita a daƙiƙa ɗaya, bai kai saurin mai tafiya kasuwa ba.

Yanzu ku ɗauko biro. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa ko mai tafiya a hankali yake da ƙarfin ture mutum. Idan ruwa na gudun mita ɗaya a daƙiƙa, ya ratsa fili mai faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya, ƙarfin da ke cikinsa wat 500 ne. To amma ga inda gizo ke saƙa: ƙarfin ba ya bin gudu ɗaya bayan ɗaya. Ana ninka gudun ne da kansa har sau uku. In gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka takwas, ya zama wat 4,000. In gudu ya ragu zuwa rabi, kamar yadda na gani a Fakku, ƙarfi ya faɗo zuwa wat 62 da rabi. Kuma babu farfelar da ke kwashe shi duka. Wani masani Bajamushe, Albert Betz, ya nuna cewa farfela a buɗaɗɗen wuri ba ta kama fiye da kashi 59 cikin 100. In muka ce tamu ta kama kashi ɗaya cikin uku, mun samu wajen wat 20. Wannan zai kunna ƙananan ƙwayayen fitila huɗu masu wat biyar biyar, dare da rana. Ba zai maye gurbin injin ban ruwa ba.

Wannan lissafi da na yi a kan yashin Fakku shi ne ke hana injiniyoyin teku barci. Teku na cika tana janyewa kusan sau biyu a kowace rana, saboda jan da wata da rana ke yi wa ruwan duniya. Ana sanin lokacin cikar tun shekaru kafin ya zo, abin da ba a iya yi da iska ko hadari. Faransa ta buɗe tashar La Rance a 1966 mai megawat 240, Koriya ta Kudu ta buɗe ta Sihwa a 2011 mai megawat 254. Dukansu madatsu ne. A arewacin Sikotilan kuwa, aikin MeyGen ya dasa farfeloli huɗu a ƙasan teku, kowacce mai megawat ɗaya da rabi, ba tare da madatsa ba. Sai dai an zaɓi wurin ne don ruwansa na tsananin gudu. Mafi yawan ruwan teku a hankali yake tafiya, kamar Gulbin Ka.

Dabaru uku ake bi. Ta farko, a faɗaɗa farfela ta tari ruwa mai yawa, amma tsada da nauyi na ƙaruwa. Ta biyu, a sa ta cikin wani abu mai siffar mazurari, don ruwa na ƙara gudu idan hanya ta matse. Ta uku ta fi ban sha'awa. Kun san ɗan jirgin leda da yara ke ɗaura wa zare su sake shi sama? Kamfanin Minesto na ƙasar Suwidin ya ƙera irinsa na cikin ruwa. Fiffike ne da aka ɗaure da igiya a ƙasan teku, ɗauke da ƙaramar farfela. Ruwa na tura shi yana shawagi yana zana lamba 8, yana gudun da ya ninka na ruwan sau da yawa. Tun da ruwa ya ƙi zuwa da sauri, sai aka sa farfelar ta riƙa ratsa shi da sauri. A 2024 suka haɗa irin wannan na'ura mai faɗin mita 12 da ƙarfin megawat 1.2 da layin wutar tsibiran Faro.

Jirgin nan na buƙatar zurfin da gulbinmu ba shi da shi. Abin da ya fi kusa da mu shi ne wanda wani injiniya ɗan Ingila, Peter Garman, ya gwada a kan Kogin Nilu a Juba a farkon shekarun 1980: farfela a jikin ƙaramin jirgi da aka ɗaure, ruwa na juya ta, ita kuma tana juya famfon ban ruwa ba tare da mai ba.

Da na kwatanta wa dattijon, ya girgiza kai. "Da damina ruwan ga na ɗauko icce da yashi, zai karya maka ita. Da rani kuma, lokacin da mai albasa ke son ruwa, ya janye."

Babu injiniyan da zai tsallake wannan magana. Gulbi ya fi ƙarfi a watannin da gajimare ke rufe faifan sola, ya fi rauni a watannin da rana ke ƙwallewa. Wataƙila amsar Fakku ita ce a haɗa su biyun. Amma kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, dole a san gudun ruwan da zurfinsa wata bayan wata, a kuma san inda gulbin ya matse.

Wannan aiki bai fi ƙarfin 'yan aji huɗu ba. Igiyar awo, guntun kara, agogo da littafi sun isa. Ku nemi malamin kimiyya ya raka ku, ku tsaya a gefe, kada kowa ya shiga ruwa. Ku jefa karan sau uku, ku ɗauki matsakaici, ku rubuta kwanan wata. Ku tuna ruwan sama sama ya ɗan fi na ƙasa gudu. Bayan shekara guda za ku riƙe awo goma sha biyu na gulbin garinku.

Da zan tafi, dattijon ya nuna mini wani lungu daga gabas inda ya ce kwalekwale kan yi masa gardama. Na rubuta a littafina. Can zan fara jefa kara idan na koma da damina.