Shirin jami'a daga rumfar hatsi

Maganata yau da ƙannenmu ce masu son karanta tattalin arziki ko kimiyyar siyasa a jami'a. Ni ma layin da nake hari ke nan, duk da cewa tun da na gama sakandare rumfar hatsin Baba ce ta riƙe ni.

A Ingila, jami'ar Oxford ta haɗa falsafa da siyasa da tattalin arziki a digiri guda tun 1920, kuma sai malamai sun tattauna da yaro sun ji yadda yake tunani kafin su ɗauke shi. Mu a nan maki ne ke magana: kiredit biyar a WAEC ko NECO, sai JAMB, tambaya 180 cikin awa biyu a kan kwamfuta. Shi ya sa yara suka ɗauka shiri bai wuce lesin da haddar tsofaffin tambayoyi ba. A yi su, ban hana ba. Amma ɗan kasuwar Potiskum yana zaune a kan wani karatu bai sani ba.

Ni dai littafi na saya ina rubuta farashin buhun gero da na wake duk mako. Da kaka ya faɗi, da damina ta yi nisa ya hau, kuma kowane hawa sai na nemi dalilinsa. A farkon 2023 da aka canja takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace, mutumin ƙauye ba ya karɓar taransifa, sai kaya ɗaya ya koma farashi biyu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, ƙananan motocin da ke kwaso hatsi daga ƙauyuka suka ƙara kuɗi, mudu ya bi su. Wallahi bayan wannan, babin kuɗi da hauhawar farashi a littafin makaranta ya zame mini kamar hira. Wanda babansa ba ya hatsi, ya je kasuwar shanu ranar Laraba ya tsaya kusa da dillalai.

Siyasa kuwa, mu 'ya'yan baƙi a fom muke fara karo da ita. A Dogo Nini aka haife ni, Baba daga ƙasar Katsina ya zo. To wace jiha zan rubuta, wace ƙaramar hukuma za ta ba ni takardar shaida? Ba ƙaramar tambaya ba ce, don jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari suke ɗauka bisa maki zalla, 35 daga jihohin yankinsu, 20 daga jihohin da aka bari a baya a boko. Ka zauna da mahaifinka ku yanke wannan tun kafin a fara sayar da fom. Sannan ka nemi tsarin mulkin 1999 ka karanta sashe na 42, wanda ya hana nuna bambanci saboda asali, ka auna shi da abin da kake gani.

Falsafa an fi samunta a jami'o'in kudu irin su Ibadan da Nsukka, amma muhawararta tana rumfarmu. Wanda ya sayi gero da kaka ya ajiye sai damina, ɗan kasuwa ne ko mai ɓoye abinci? Na sha kai wa malaminmu na zaure wannan tambaya, shi ya nuna mini Muƙaddima ta Ibn Khaldun, inda ya yi bayanin yadda yawan haraji ke kashe kasuwa har kuɗin shigar hukuma ya ragu.

Sai kwamfuta. Wanda bai saba da ita ba ya biya kuɗin awa a shago ya riƙa gwaji da agogo a gabansa, don tambaya 180 a minti 120, daƙiƙa arba'in ke nan kowace ɗaya.