Stellafane: Tudun da Ake Ƙera Madubin Hangen Taurari da Hannu

Springfield ƙaramin gari ne a jihar Vermont, arewa maso gabashin Amurka, wanda a da ya yi suna da masana'antun ƙera injuna. Idan aka fita bayan gari aka bi wata hanya mai hawa tsakanin itatuwa, za a iso Breezy Hill, tudun da ake kira Stellafane. Abin da ido ke fara kamawa shi ne wani ɗan gidan katako mai launin ruwan hoda, zauren ƙungiyar Springfield Telescope Makers. A gabansa akwai ginin kankare mai hular ƙarfe da aka kammala a 1930, inda mai kallo ke zama daga ciki, sanyi bai taɓa shi ba, madubin hangen taurarin kuwa yana waje yana turo masa hasken sama.

Russell Porter ne tushen wurin. Ya yi tafiye-tafiyen bincike a yankin ƙanƙara na arewacin duniya, sannan a 1920 ya fara koya wa ma'aikatan masana'antar garin yadda ake wasa gilashi har ya zama madubin hangen taurari. An kafa ƙungiyar a 1923, aka yi babban taro na farko a 1926. Bayan shekara biyu aka ɗauki Porter aikin zana katafaren madubin Palomar mai faɗin inci 200 a Kalifoniya. A 1989 gwamnatin Amurka ta sa Stellafane cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Ana yin taron ne da bazararsu, a kwanakin duhun wata. Tantuna sun cika fili, kowa ya kafa abin da ya ƙera a kan ciyawa. A wata rumfa yara da dattawa suna zagaya ganga, suna goga gilashi a kan gilashi da garin wasawa da ruwa. Da sassafe kuma tebura na cika da kayan gwanjo: tsofaffin kyamarori, gilasan hango nesa na zamanin fim, ƙananan injuna masu juya ƙarfe, wayoyi da notuna.

Da na je taron, wajen waɗannan teburan na fi daɗewa, domin daga nan ake tsintar kayan haɗa madubi mai ɗaukar hoto. Hikimar ba ta da wuyar fahimta. Tsohon gilashin kyamara mai tsawon milimita 200 ko 300 ƙaramin madubin hange ne da kansa. Masu ɗaukar hoton biki sun yar da shi saboda da hannu ake saita shi, amma mai kallon taurari sau ɗaya yake saitawa, ya ɗaure. Abin da ya rage shi ne farantin da ke kama haske ya mayar da shi hoto. A farkon shekarun 2000 mutane sun riƙa kwance kyamarar kwamfuta ta Philips ToUcam, su cire ɗan gilashinta, su ɗauki bidiyon wata ko duniyar Mushtari, manhajar RegiStax ta tace hotunan da suka fi kyau ta ɗora su kan juna. Ana kuma amfani da tsofaffin kyamarorin Canon. Wasu har buɗe cikinsu suke yi su cire matatar da ke tare jan haske, don jan hasken da gajimaren iskar haidurojin ke fitarwa a tsakanin taurari ya samu shiga.

Babbar matsala ita ce duniya ba ta tsayawa. Sama na gusawa digiri 15 a kowace awa, don haka hoto mai daɗewa sai taurari su fito kamar zare. Maganin da na ga an yi shi ne katako biyu da aka haɗa da hinji, a saita hinjin da tauraron arewa, noti mai zare yana ɗaga na saman a hankali, juyi ɗaya a minti.

Da dare ana hana farin haske, jar tocila kawai ake kunnawa don kada ido ya rasa sabonsa da duhu. Wani magidanci ya nuna mana tarin taurarin Andromeda a fuskar kwamfutarsa. Hoton farko dishi-dishi ne, amma da ya tara da yawa sai siffarsa ta fito sarai, hasken da ya yi tafiyar shekara kusan miliyan biyu da rabi.

Ana gasa a taron, alƙalai na duba ingancin madubi da kyan haɗi, kuma abin da mutum ya yi da hannunsa ne ake saka wa. Babu mai ɓoye dabararsa. Ka tambayi mutum yadda ya yi, zai kwance maka notin, ya faɗa maka inda ya samo kowane yanki, ya kuma ba ka shawarar abin da za ka fara nema a kasuwar gwanjon garinku.