Safiyar Baba Cikin Rabin Minti

Mahaifina albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12 ta Legas. Na daɗe ina son in ɗauki rumfarmu a irin bidiyon nan da awoyi ke wucewa cikin ƙiftawar ido, kyamara kuma tana tafiya a hankali kan doguwar sandar ƙarfe.

Na sayo allon Arduino, da direban A4988, da ɗan inji mai juyawa taku-taku irin na cikin firinta. Shi ba kamar na fanka ba ne, taku 200 ke cika masa zagaye ɗaya, don haka kana iya ƙayyade masa tafiya daidai. Baba ya ce na ɓata kuɗin buhu guda a wasan yara.

Gwajin farko hotunan suka fito dishi-dishi, domin kyamara na ɗauka injin na tafiya. Nan na gane ƙa'idar: ya matsa, ya tsaya, girgiza ta lafa, sannan a ɗauka. Gwaji na biyu aka ɗauke wuta, sai na koma batir mai volt 12.

Na uku ya yi. Hoto ɗaya duk daƙiƙa 10, awa 2, hoto 720. A kan hoto 24 kowace daƙiƙa, rabin minti ke nan.

Baba ya kalla. Motoci na sauke kaya, 'yan dako na kai da kawowa, shi kuwa bai zauna ko sau ɗaya ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Tura wa kakarka a Aliero, ta ga ba zaman banza muke a Ikko ba."

Sai wani jiƙon.